Shafin Baba Ubaidu

Asabar, 7 ga Satumba, 2024

Yau na fara zama da Hajiya Saudatu. Shirin nan na tallafa wa matasa masu ƙananan sana'o'i ne ya haɗa mu, wai kowa a ba shi gogaggen ɗan kasuwa ya riƙa ɗora shi a hanya. Wasu sun samu masu kamfanin kwamfuta. Ni da nake gina wa mutane shafin intanet, sai aka ba ni mai maɗaba'a. Tsohuwar ma'aikaciyar banki ce, yanzu tana buga littattafan rubutu na 'yan makaranta da katin biki a Arkilla. Ko adireshin imel ɗinta sai da ta duba takarda kafin ta faɗa min.

Na je da laftof ɗin marigayi Abba, na shirya tsaf in burge ta. Ko kallon allon ba ta yi ba. Ta ce, “Khaula, mutanen da kika yi ma aiki nika son ji, ba ayyukan ba.” Na lissafa mata: wata makarantar kuɗi a nan Minanata, wani kantin magani, wata mai atamfa, sai Baba Ubaidu. Ta tambaye ni ƙarfe nawa nake tashi daga aiki. Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Darasin farko labari ne. Wani hedimasta ya yi ta dawo mata da littattafai, wai takardarta ba ta da kyau, tana laushi. Ta canza takarda, ya dawo da su. Ta sake canzawa, ya sake dawowa. Ranar da ta gaji ta je makarantar da kanta, sai ta tarar rufin ɗakin ajiyarsu ne ke yoyo. Ta ce, “In kwastoma yay yi ƙorahi, kar ki gyara daga inda kike zaune. Tashi ki tahi ki ga abin a hannunai.”

Na rubuta don kar ta ga kamar na raina. Amma ni aikina ba takarda ba ce da ruwa zai jiƙa. Daɗin sana'ar ke nan, daga kan gadona sai in gyara abin da ke Legas.

Talata, 10 ga Satumba

Baba Ubaidu ya kira. Har wa yau.

“Ɗiyata, mi kiy yi ma shafin nan? Rubutun ya ƙanƙance.”

Ban taɓa komai ba. Tun farkon damina yake wannan magana, kuma duk lokacin da ya faɗa sai in ƙara girman haruffan ya bar ni in huta. Yau ma na ƙara.

In wani zai ji yadda nake mita sai ya ɗauka ban san darajarsa ba. Na sani. Malam Ubaidullahi aminin Abba ne tun suna yara a Ƙofar Dundaye, ya koyar da Larabci har ya yi ritaya. Shi ne mutum na farko da ya ce in yi masa shafi, lokacin da dangi ke cewa wasa nake da kwamfuta. Kowane mako yana rubuta darasi ɗaya da hannunsa, 'yarsa Yaya Sadiyatu ta ɗauki hoton takardar ta turo min, ni kuma in buga in ɗora. Tsofaffin ɗalibansa na karantawa daga ko'ina, har da masu zama a Sudan da Madina. Bayan na ɗora sai ya bi shi a wayarsa harafi bayan harafi, in ya kama ni da kuskuren wasali ɗaya ranar na shiga uku.

Shafin ya yi kyau da farko, wallahi. Kore mai duhu, jerin tsofaffin darussa a gefen dama, hoton zaurensa a gefen hagu. Yanzu rubutun ya fara yin ƙato kamar allon talla.

Asabar, 21 ga Satumba

Yau kam Hajiya ta yi magana. Wannan shi ne darasi.

Lokacin buɗewa da lokacin rufewa. Yarjejeniya a rubuce kafin a fara aiki. Gyara sau biyu, abin da ya wuce haka sabon aiki ne. Kada in ɗauki wayar kwastoma ina cin abinci. Ta ce kirki daban, rashin tsari daban, kuma ni rashin tsari ke damuna ina kiransa kirki. Ta ƙona min rai, amma gaskiya ta faɗa. Mai atamfa ta taɓa sa ni canza launin shafinta har ta dawo kan na farkon, ko sannu ba ta ce ba.

Na dawo a keke ina jin kaina kamar mai ofis.

Laraba, 2 ga Oktoba

Watan rasuwar Abba ya sake zagayowa. Ban yi aiki ba yau.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Sabon salo. Baba ya kira da hantsi, wai ina na kai jerin darussan da ke gefen dama. Na ce yana nan, Baba. Ya ce shi dai bai gan shi ba. Na buɗe a laftof, yana nan. Na buɗe a wayata, na buɗe a ta Inna, yana nan daram. Na ce ƙila wayarsa ce ta tsufa. Ya ce, “Ƙila ita ta.”

Don a zauna lafiya na cire jerin daga gefe na mai da shi ƙasan darasi. Ya sake kira da yamma ya ce yauwa, yanzu ya dawo, Allah shi yi min albarka. Ya dawo! Kamar tafiya ya yi.

Inna tana jina. Ta ce, “Ki tahi ki gaishe shi mana, ki diba wayar da kanki. Ƙofar Dundaye ba Makka ta ba.” Na ce ina da aiki.

Ina da aikin. Amma tunda littafin nan nawa ne ni kaɗai: ba na son zauren nan. Akwai buzun da ke shimfiɗe daidai gaban Baba, inda Abba ke zama kowace Alhamis suna gardamar nahawu har la'asar. Ban taka gidan ba tun ranar addu'ar bakwai. An ce min buzun na nan, ba a ɗauke ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Hajiya ta ce in tara ayyukana wuri ɗaya, abin da zan riƙa nuna wa manyan kwastomomi. Yau ta yarda ta kalli allo. Ta yaba na makaranta, ta ce na mai magani ba laifi. Da muka zo na Baba sai ta gyara tabarau.

Ni kaina na ji kunya. A makon jiya ya ce hoton zaure ma ya ɓata, na cire. Ya ce koren ya dushe, na mai da shi baƙi a kan fari. Abin da ya rage siririn layi ne a tsakiyar allo, da manyan haruffa, hagu da dama fayau.

Ta ce wannan fa? Na ce wani tsoho ne mai rigima, aminin babana, kullum da abin da zai ce ya ɓata. Ta ce, “Kin tahi kin ga yadda shika buɗe shi?” Na ce e, na san wayar tasa.

Ban ce na je ba. Na ce na san wayar. Na san ta ɗin, ni na zaɓa masa ita.

Ta ɗan kalle ni, sannan ta ce to in haka ne a sa shi a tsari kamar kowa, cikin ladabi. Kuma kada in saka wannan cikin ayyukan nunawa, zai kore min mutane.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Na tura wa Baba saƙo. Rabin yini na yi ina gyara shi. Gaisuwa mai tsawo, addu'a, sannan na ce saboda aiki ya yi yawa, daga yanzu gyaran shafi sau ɗaya ne a wata, kuma ya riƙa turo abin da yake so a rubuce maimakon kira, don kada in manta. Darasin mako zan ci gaba da ɗorawa yadda aka saba.

Babu kalma ɗaya ta rashin kunya a ciki. Na karanta wa Inna, ta ce, “Hmm,” ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Sai yau ya amsa, kuma da murya, ba a rubuce ba. “To ɗiyata, na ji. Ba komi. Allah shi ƙara buɗi.”

Shi ke nan. Ashe abin da sauƙi haka.

Asabar, 14 ga Disamba

Na samu aikin wani kamfanin casar shinkafa. Babban aiki, irin wanda ban taɓa yi ba. Na shiga ofishinsu da yarjejeniyata a buge, na faɗi farashina ban sunkuyar da kai ba, yadda Hajiya ta sa na yi ta maimaitawa a gabanta har ya zauna min a baki. Manajan ya ce a rage, na ce sai dai a rage aikin. Ya sa hannu.

Hajiya ta sa an sayo mana tsire. Ta ce yanzu na fara zama mai sana'a. Na so a ce Abba ya ga wannan rana, shi da ya ba ni laftof ɗinsa yana cewa ni zan fi shi amfani da ita.

Wayata ta yi shiru sosai kwanakin nan. Baba bai ƙara kira ba, kuma bai turo gyaran wata ba, ko sau ɗaya.

Lahadi, 19 ga Janairu, 2025

Rubutun Baba ya lalace. Mutumin da hannunsa ke kamar bugun inji, yanzu layi na hawa kan layi, wasu kalmomin sun fita bakin takarda sun yanke. Darasin ma ya gajarce. Sai da na kira Yaya Sadiyatu in tambaye ta wata jimla, ta ce ita ma ba ta gane ba, tsufa ne, hannu ya fara rawa.

Kuma ya daina kama ni da kuskure. Makon jiya na ga na bar kalma biyu a manne a kan darasin, har kwana huɗu ba wanda ya ce uffan. Na gyara abina a ɓoye ina jin daɗi.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Ba darasi wannan makon. Na ce zan kira, aikin shinkafa ya sha kaina.

Lahadi, 9 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Inna ta ce azumi ya kama, ko ina so ko ba na so yau za mu kai wa gidan Malam kayan buɗa baki. Muka je bayan la'asar. Ita ta wuce cikin gida, ni na tsaya a zaure da ledar dabino a hannu. Ƙofar da na shigo tana dama da inda yake zaune. Yana kan dardumarsa, ido biyu, fuskarsa na kallon gaba, waya a hannu. Buzun Abba na nan a gabansa. Na kau da kai.

Na tsaya kusa da shi, kusa sosai, har ina jin ƙanshin turarensa. Ina jira ya ɗago ya ce, a'a, yau wa nika gani. Bai ɗago ba. Na ɗauka fushi ne, na ce a raina na cancanta. Sai na lura da yadda yake karatu. Ya kawo wayar daf da fuskarsa, kuma ba idonsa ke bin layi ba, kansa gaba ɗaya ke tafiya daga wannan gefe zuwa wancan, a hankali. Shafina ne a buɗe.

Na yi sallama. Ya zabura har wayar ta faɗi. Ya juyo da dukkan jikinsa yana nemana, sai da fuskarsa ta zo daidai tawa sannan ya yi murmushi. “Khaula! Yaushe kiz zaka? Tahiyarki ba ta da motsi, awa ta babanki.”

Muka gaisa. Na durƙusa a gefensa, na miƙa masa dabinon. Ya ci gaba da tambayata aiki, da Inna, da zafin da ya fara. Hannuna na miƙe. Yana miƙe har ya fara ciwo, shi kuwa yana ta magana. Ledar na nan dab da kafaɗarsa ta dama.

Na ajiye masa a cinya. Ya ce, “Af, mi a wanga?”

A keke Inna na min magana ban ji ko ɗaya ba. Ban iya shan ruwa da kirki ba.

Litinin, 10 ga Maris

Ina ajiye kwafin kowane shafi kafin in taɓa shi, ɗabi'ar aiki ce. Da safe na buɗe na Baba duka na jera su. Na farko mai faɗi, da kore, da hoto, da jeri. Na biye haruffa sun ƙaru. Na biye gefen dama ya tafi. Sannan hagu. Sannan launi. Na ƙarshe ɗan siririn nan.

Ba shafi nake kallo ba. Abin da ya rage masa nake kallo, wata bayan wata, kuma da hannuna na auna shi na yanka daidai.

Shi bai taɓa cewa a canza ba. “Ya ɓata” yake cewa. “Ya dushe.” “Ban gan shi ba.”

Talata, 11 ga Maris

Ba ranar zamanmu ba ce, amma na je Arkilla. Injinan na ta ƙara, Hajiya ta ja ni ofis ta rufe ƙofa. Na nuna mata. Na ce ranar nan da ta tambaye ni ko na je na ga yadda Baba ke buɗe shafin, ban je ba.

Na so ta yi min faɗa. Da ta yi da na samu sauƙi. Ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ce, “Ni ma na ga abin ga, na ga bai yi kama da rigima ba. Na tambaye ki sau guda niy yi shiru, don amsar ta yi min daɗi.” Ta ce kuka ba na yau ba ne, yau a nemi wanda zai kai shi asibiti. Maganar wa yake ji a gidan? Na ce Yaya Sadiyatu. Ta ce to me nake yi a nan.

Alhamis, 13 ga Maris

Na gaya wa Yaya Sadiyatu. Ta dafe kai. Ta ce shi ya sa ya daina zuwa masallacin Juma'a da ƙafa, ya ce gwiwa. Shi ya sa ya hana a matsar da komai a zaure, ko buta. Gidan ya haddace, ba wanda ya gane. Ita ce ta karanta masa saƙona na watan Nuwamba, wai ya ce tabaransa na ɗaki.

Wato a bakinta ya ji ana ce masa ya riƙa turowa a rubuce.

Baba ya yi fushi ƙwarai. Daga tsakar gida ina jin muryarsa: lahiyatai lau, wa yac ce a kai maganatai waje. Bai kira sunana ba. Da ya kira da ya fi.

Amma ya yarda zai je.

Laraba, 19 ga Maris

Asibitin ido. Ni da Yaya Sadiyatu da shi. Tun daga gida bai ce min komai ba bayan amsa gaisuwa.

Aka auna, aka sa shi ya leƙa wata na'ura yana danna maɓalli duk lokacin da ya ga ɗigon haske. Ina tsaye a bayansa. Ya daɗe bai danna ba. Can ya ce wa ma'aikaciyar, “Kun kunna kuwa?”

Likitar mace ce, mai magana a hankali. Ta ce hawan jinin ido ne. Ba ya zafi, daga gefe yake fara cin gani yana matsowa tsakiya, shi ya sa mutane ba sa zuwa da wuri. Na dama ya tafi. Na hagu saura ɗan tsakiya. Za a ba shi maganin ɗigawa don a tsare abin da ya rage, amma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Sai ta tambaya yaushe ya fara lura. Baba ya ce kwanan nan ne. Yaya Sadiyatu ta ce ba su sani ba. Likita ta ce sanin zai taimaka mata ta gane saurin ciwon.

Na ji bakina na magana. Na ce farkon daminar bara ya fara ganin rubutu ya ƙanƙance. Tsakiyar Oktoba gefen dama ya ɓace masa. Ƙarshen watan, hagu ya fara, launi kuma ya dushe. Bayan nan ban sani ba. Likita ta ɗago ta ce ni ma'aikaciyar jinya ce? Na ce a'a, shafin intanet nake masa. Ta ce me ya sa bayan nan ban sani ba?

Na ce ya daina kirana.

Yaya Sadiyatu ce ta yi tambayar da na kasa yi: da an zo a Oktoban fa? Likita ta ce Allah ne masani, amma da akwai abin tsarewa fiye da wannan. Ba ta kalle ni ba, kirki ne ya hana ta. Baba ya ce alhamdu lillahi ala kulli halin, ya miƙe yana lalubar sandarsa, tana jingine a damansa.

Lahadi, 30 ga Maris

Sallah. Na sa sabon kaya don Inna. Kamfanin shinkafa sun turo saƙon yabo, shafinsu ya hau intanet.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Shi ya aiko a kira ni. Na je ina tsammanin ranar faɗan ce ta zo.

Na durƙusa daga gefe na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu. Ya ce ba don wannan ya kira ni ba. Abin da na riƙe daga maganarsa, don rabinta kuka ya hana ni ji:

“Na sani tun damana. Mutum shina sanin idonai. Amma in nic ce ma Sadiyatu, ya zama ciwo. In nic ce miki, shafi na yal lalace.”

Ya ce duk lokacin da na ƙara girman rubutun sai ya ga ya karanta, sai ya ce wa kansa ka gani, aikin yarinyar nan ne, ba kai ba. Da wannan sai ya samu wata guda hankalinsa kwance. Ranar da na ce ƙila wayarsa ce, ya ce har sadaka ya bayar don murna.

Wato ba saƙon Nuwamba kaɗai ba ne. Gyaran ma, wanda nake yi ina ganin haƙuri nake da tsoho. Da na ƙi tun farko, da na bi shi har ƙarshe, duk ɗaya, tunda daga ɗakina nake yi. Minanata zuwa Ƙofar Dundaye, tafiyar da ba ta kai a gama sauraron labaran rediyo ba.

Na ce, Baba, da na zo. Ya ce, “Da kin zaka da na ɓoye miki, awa yadda niɓ ɓoye ma kowa.” Ƙarya yake don in ji sanyi. Minti nawa na yi a zauren ranar nan kafin in gane?

Darasi ya tsaya tun Fabrairu, ɗalibai na ta tambaya. Ya ce hannu ba ya iya bin layi kuma. Na ce akwai hanyar ɗaukar murya a ɗora, Yaya Sadiyatu na iya ɗauka da wayarta ta turo min. Ya ce to.

Asabar, 31 ga Mayu

Zaman ƙarshe da Hajiya, shirin ya ƙare. Masu shirin sun ce kowa ya faɗi darasin da ya fi amfanarsa. Na ce sanin farashi da tsayawa a kansa. Aka tafa.

Da muka fito ta riƙe hannuna ta ce yaya Malam. Na ce maganin na aiki, abin ya tsaya inda yake, sai dai inda yake ɗin ba yawa. Ta ce kada in watsar da tsarin saboda wannan, lokacin rufewa na nan, yarjejeniya na nan. Na ce na sani. Ba ta ambaci hedimasta da rufinsa ba, ni ma ban ambata ba.

Alhamis, 12 ga Yuni

Mai kantin magani ya kira jiya wai maɓallin odar magani a shafinsa ba ya aiki. Yana aiki. Na biya ta kantin da safe tunda hanya ce, ashe gilashin wayar yaron shagonsa ne ya tsage daidai wurin. Ba wani abu ba.

Daga can na wuce Ƙofar Dundaye. Muryar da Yaya Sadiyatu ke ɗauka tana zuwa da kukan awaki da ƙarar fanka, shi ya sa na ga gara in riƙa zuwa da kaina ranar Alhamis in ɗauka da abin ɗaukar murya mai kyau. Saboda ingancin aiki ne.

Yau kafin mu fara ya ce in mai da shafin yadda yake da can, da koren, da jerin, da hoton zaure. Na ce Baba ba za ka iya karanta shi haka ba. Ya ce ai ko wannan ɗin ba ya iyawa yanzu, na bari masu ido su ga abu mai kyau. Na ce to. Ina da kwafin, aikin minti kaɗan ne. Ban yi ba tukuna.

Na durƙusa a gefensa ina haɗa waya, inda na saba. Sai ya ce, “Ke kullum murya kike. Taho nan gabana, tsakiya, inda nika gani.”

Wuri ɗaya ne a gabansa. Na duba ko zan ja tabarma, babu sarari. Na zauna.

Ya matso da fuskarsa, ya ɗan karkata kai har idon hagun ya same ni. Ya daɗe. Ya ce, “Goshin nan na babanki na.” Sannan ya yi gyaran murya ya ce in kunna, darasin yau a kan hamza ne, kuma in na yi kuskure wajen rubuta kan maganar zai sa a karanta masa.

Buzun ya fi yadda nake zato laushi. Sai la'asar na taso.